Makullin Gidan Dutse

Ran sadakar uku ta wani tsohon ma'aikacin gwamnati a cikin garin Bauchi, da hantsi, ana zaune a zaure ana karɓar gaisuwa, sai ga wani dattijo ya iso yana dogara sanda. Rigar sanyi ce a jikinsa, alhali kuwa rana tana dukan ƙasa, saboda haka tun bai buɗe baki ba aka gane daga kan tudu ya gangaro. Ya tuɓe takalmansa, ya sami gefen tabarma ya zauna, ya yi gaisuwa da irin Hausar mutanen Filato. Da aka ɗaga hannu za a yi fatiha, shi sai ya sunkuyar da kai, ya yi tasa addu'ar a zuci.

Mafi yawan waɗanda ke zauren ba su san shi ba. Amma 'ya'yan mamacin, da ganinsa sai suka dubi juna, kowa ya kawar da kai don kunya. Tun suna ƙanana Baban Dutse suke ce masa, don su bambanta shi da mahaifinsu, kuma rabonsu da shi an fi shekara 15.

Da jama'a suka ragu, sai dattijon ya yafuto ɗa na biyu, wanda malamin makaranta ne. Ya kwance bakin wani ƙyalle, ya fito da makulli ɗaya wanda hannu ya goge har yana sheƙi, ya ce, "Ɗana, ga amanar mahaifinku. Mai ita ya tafi, ni kuwa ban san wa zan ci gaba da riƙe wa ba." Aka yi aka yi ya kwana, ya ce a'a, ya bar awaki ba mai kula. Ko la'asar ba a yi ba ya koma tasha.

To, mai karatu ba zai san nauyin wannan makulli ba sai an koma da shi baya, zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. A shekarar 1942 Japan ta kama ƙasar Malaya, inda ake haƙo mafi yawan kuzar daular Ingila. Nan da nan ido ya komo kan tudun Jos. Gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa En'e-En'en Arewa su kawo ma'aikata ko suna so ko ba sa so, aka yanka wa hakimai adadi, su kuma suka yanka wa dagatai. Wannan shi ne abin da talakawa suka sa wa suna diban gwamna. A 1943 aka haƙo kuza kimanin tan 17,000, abin da ba a taɓa samu ba kuma ba a sake samu ba, amma da gumin talaka da ransa aka biya. Mutanen da suka saba da zafin ƙasar Hausa aka kawo su inda dare ke yanka kamar aska, ba bargo, ba isasshen abinci, suna wuni tsaye cikin ruwa da diga da shebur da kwanon sarki. Ciwon haƙarƙari ya kashe da yawa, da yawa kuma suka gudu, har aka soke tsarin a 1944.

Kakan waɗannan 'ya'ya yana cikin waɗanda aka ɗebo daga wani ƙauye na ƙasar Bauchi, yana saurayi, aka kai shi wani barikin kuza gabas da Jos. Da ciwo ya kama ƙirjinsa, ya ga in ya tsaya mutuwa zai yi, sai ya sulale da dare ya nufi duwatsu, bai san inda za shi ba. Da gari ya waye wani manomi Ba'afizere, watau mutanen da Hausawa ke kira Jarawa, ya tsince shi a gindin wani dutse yana makyarkyata. Ba ya jin Hausa sosai, shi kuma ba ya jin nasu harshen. Duk da haka ya ɗauke shi ya kai shi ɗakinsa, ya kwantar da shi kusa da wuta, ya riƙa ba shi gwaten acca har ya miƙe.

Da aka daina diban gwamna saurayin bai koma gida ba. Ya shiga sarin dankalin Turawa da kayan lambu yana kaiwa kasuwar Jos. Manomin nan ya nuna masa wani fili tsakanin duwatsu biyu a gindin tsaunukan Shere, a gaban dattawan ƙauye, aka raba goro, shi ke nan. Ba takarda, ba sa hannu. A nan ya kafa bukka, ya yi aure, a nan aka haifi ɗansa, wanda ya tashi tare da ɗan manomin suna kiwon awaki ɗaya, suna cin tuwo a ƙwarya ɗaya. Ɗayan makaranta ta ɗauke shi ta kai shi ofis. Ɗayan ya tsaya ga gonar ubansa, ya shiga addinin Kirista, shi ne Baban Dutse.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, aiki ya mayar da ɗan makarantar can. Mahaifinsa ya riga ya rasu, bukkar kuma damina ta rushe ta. Sa'ad da ya sami rancen mota ya sayi Fijo 504, irin wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, abin da ya fara tunawa shi ne filin nan. Ya sa aka fasa dutse aka gina ɗakuna biyu da ɗan falo, aka rufa da kwano, aka yi murhu a jikin bango da bututun hayaƙi, irin wanda ya riƙa gani a gidajen Turawan kuza yana yaro. Ba lantarki, ba famfo, sai wani idon ruwa a bayan dutse. Suka sa masa suna Gidan Dutse.

Abokan aikinsa sun sha yi masa ba'a, suna cewa Malam ya zama Bature. Ba su kuwa yi ƙarya ba gaba ɗaya. Turawa ne suka fara mai da tudun Jos wurin hutu saboda sanyinsa, har 'yan mishan suka yi gidan hutunsu a Miyango. Bahaushe ya san gidan gona, amma don aiki yake zuwa. A ce mutum ya bar garinsa da majalisarsa, ya kwashi iyali ya tafi daji don kawai ya zauna, wannan baƙon abu ne. Shi dai murmushi yake yi, ya ce ba daji za shi ba, gida za shi.

Ran Jumma'a, da an sauko daga masallaci, sai a ɗora barguna da risho da butar shayi a bayan mota. Tafiyar kimanin kilomita 130 ce. A wuce dutsen Zaranda, a wuce Nabardo, a tsaya Tilden Fulani a sayi kindirmo. Daga nan hanya ta fara hawa, kunnuwa su toshe, uwar yaran ta ce a ɗaga gilashi. Dalilin kuwa a fili yake: Bauchi tana bisa teku da kimanin mita 600, Jos kimanin mita 1,200, ƙololuwar Shere kuwa ta haura mita 1,800, kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen awo 6 a ma'auni. Saboda haka yaron da ya baro gida yana gumi, kafin magariba yana neman rigar sanyi. Kafin su iso Baban Dutse ya riga ya buɗe ɗakuna, ya share, ya hura wuta, don haka hayaƙin bututun nan shi ne abin da ake fara hangowa daga kwana ta ƙarshe, yara su yi ta gasar wanda zai riga ganinsa.

Asabar ranar hawa ce. A tashi da sassafe, raɓa tana jiƙa ƙafar wando, a bi ta tsakanin shingayen ƙerana da mutanen wurin ke kewaye gidajensu da gonakinsu da su, a ratsa gonakin acca, a kama dutse. Duwatsun wurin sai ka ce wani ne ya ɗora su bisa juna da hannu, ƙato a kan ƙarami, shekara da shekaru ba su motsa ba. Agwada ta leƙo ta koma. In an kai wani faffaɗan fa, a zauna a karya, ana kallon garin Jos shimfiɗe a ƙasa kamar an baza tsaba a faifai. A nan mahaifin yakan nuna musu cewa ruwan da ke gangarowa daga wannan tudu shi ke zama kogin Kaduna a yamma, shi ke zama kogin Gongola a gabas. Da damina gajimare yakan sauko har ƙofar ɗaki, wani lokaci ƙanƙara ta yi ta dukan kwano har ba a jin maganar juna. Wata Asabar kuma a gangara gari a kai yara gidan tarihi, wanda aka buɗe a 1952, su ga kawunan yumɓu na Nok, sa'an nan su shiga gidan namun daji da ke kusa da shi.

Ran Lahadi da safe ƙararrawar coci takan taso daga ƙauye, da azahar kuma mahaifin ya shimfiɗa buzu a kan fa ya ja iyalinsa salla, ba wanda ya taɓa ganin wani abin magana a ciki. Da Kirsimeti akan aiko musu da shinkafa da kaza da ranta, don su yanka da kansu. Da Babbar Salla su kuma su hau da cinyar rago.

Amma akwai abu ɗaya da mahaifin ba ya fasawa. Kowace Asabar da yamma sai ya kai su bakin wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. Irin waɗannan kududdufai suna nan birjik a kan tudun, kamfanoni sun bar su a buɗe, balle bayan da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985. Ruwansu shuɗi ne mai ban sha'awa, ga zurfi mai haɗiye yaro, ko da yake manoma sun mai da su abin ban ruwan kabeji da karas da tumatir da rani. Ya riƙe hannun auta, ya ba su labarin kakansu tun daga farko, ko da sun haddace shi. Kullum da magana ɗaya yake rufewa: "Sanyin nan da kuke jin daɗinsa, shi ne ya kusa kashe kakanku. Sanyin bai sake ba. Abin da ya bambanta ku da shi bargo ne, da kuma wanda ya buɗe ƙofa." A lokacin yara sun ƙosa a koma bakin murhu a gasa masara. Sai da suka girma maganar ta kama su.

Haka aka yi ta yi fiye da shekara 20, har 'ya'ya suka yi aure, jikoki suka gaji kujerar baya. Ran Jumma'a, 7 ga Satumba, 2001, tsohon ya ɗebo jikokinsa kamar yadda ya saba. Suna isa Tilden Fulani sai suka ga motoci suna juyowa a guje, direbobi suna ɗaga hannu suna cewa a koma, Jos ta kama da wuta. An yi kusan mako guda ana kashe-kashe, aka ƙiyasta rayukan da suka salwanta sun kai 1,000, Musulmi da Kirista. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Jos ta ƙone, kuma a cikinta akwai shagon babban ɗan tsohon, wanda ya tattara abin da ya rage ya koma Kano. Bayan ƙura ta lafa tsohon ya ci gaba da hawa jefi-jefi, shi kaɗai, ya je da safe ya komo da yamma. Sai ga rikicin Nuwamban 2008, sa'an nan na Janairun 2010. Garin da ake yi wa kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido ya rabu unguwa-unguwa, kowa ya san layin da ba ya ƙetarewa. Iyali suka taru suka roƙi tsohon ya daina zuwa, ya daina.

A rikicin 2008 ne aka kashe ɗan Baban Dutse na fari, wanda ya shiga gari sayar da kayan lambu. Tsohon ma'aikacin ya buga waya ya yi ta'aziyya yana kuka, ya ce yana nan tafe da zarar hanya ta yi kyau. Aka ce sai wata mai zuwa, aka ce sai bayan damina, sa'an nan ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Ba wanda ya je. Duk da haka kowace shekara buhun dankali yakan iso Bauchi ta hannun direba, ba wasiƙa, ba ƙorafi.

Wannan ita ce kunyar da ta rufe 'ya'yan a zaure. Da aka zo rabon gado kuwa, sai Gidan Dutse ya zama ƙashi a wuya. Babban wa ya ce a sayar. Ya ce, "Ni na ga abin da wuta ta yi wa dukiyata. Ba zan kai 'ya'yana inda zan kwana da ido ɗaya a buɗe ba. Gidan da ba ka iya kwana cikinsa ba naka ba ne." Ba wanda ya iya ce masa ƙarya yake yi, gama wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Auta ta ce, "Yaya, in an sayar, ina za mu nuna wa 'ya'yanmu mu ce nan aka tsinci kakanmu?" Sai wani kawunsu ya yi tambayar da ta sa kowa ya yi shiru: ina takardar filin? Babu. Ko bayan dokar mallakar ƙasa ta 1978 mahaifinsu bai nemi kome daga ƙaramar hukuma ba. In an yi masa magana sai ya ce takardarsa tana da rai, tana kuma da ƙafafu. Watau duk abin da suke gardama a kai yana rataye ne a bakin wani tsoho mai kusan shekara 80, wanda suka ƙi zuwa gaisuwar ɗansa.

Malamin makarantar ya ce a ba shi mako guda, gani ya kori ji. Ran Jumma'a ya hau shi kaɗai, matarsa tana roƙonsa ya komo kafin duhu. Ya wuce shingayen sojoji, ya kauce wa tsakiyar gari, ya kama hanyar ƙauye. Daga kwana ta ƙarshe ya ɗaga kai don sabo. Ba hayaƙi, gama makullin yana aljihunsa.

Ya zaci kango zai tarar. Sai ya iske an datse ƙerana, an share tsakar gida, fallayen kwano uku sababbi suna ƙyalli a cikin tsofaffi. Itatuwan fiya da mahaifinsa ya dasa sun yi rassa sun rufe rabin rufin. Ya buɗe kwaɗo, ya tarar da barguna a ninke cikin akwati da kafur, butar shayi a kife inda aka saba kife ta. Abu ɗaya ne bai gane ba, watau wani baƙin tabo na ƙuna a jikin ƙyauren taga.

Da yamma Baban Dutse ya iso da jikansa, ɗan marigayin, saurayi, yana ɗauke da itace da ƙwaryar gwate. Tsohon ya miƙa wa malamin wani littafin rubutu na 'yan makaranta. A ciki an rubuta kuɗin fiya na kowace shekara, da abin da aka kashe a kan kwano da ƙusa da kafinta, ragowar kuma tana ƙulle a leda. Malamin ya kasa ƙirgawa. Ya sauka daga kujera ya durƙusa, ya ce, "Baba, mun yi maka laifi. Yau na zo gaisuwar da ya kamata mu yi tun tuni. Allah Ya ba ka haƙuri."

Tsohon ya daɗe yana kallon wuta, sa'an nan ya ce, "Mahaifinku ya buga waya, na ji kukansa, na san ba na ƙarya ba ne. Amma ɗana, waya ba ta zama a tabarma. Kwana bakwai ina duban hanya." Bai ƙara kome a kai ba. Ya ce a tashi a ci gwate kada ya huce.

Labarin tabon taga kuwa daga bakin jikan ya fito, bayan tsohon ya tafi. Ran da aka binne mahaifinsa, samari suka taho da man fetur za su ƙone gidan Hausawa. Har sun cinna wa tagar, sai kakansa ya taso daga wurin makoki ya kashe wutar da rigarsa, ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce musu ubansa ne ya ba da filin nan da bakinsa, kuma mai gidan bai kashe masa ɗa ba. A nan ya kwana har dare uku.

Kada mai karatu ya zaci jin wannan ya kori tsoro daga zuciyar malamin. Daren nan bai runtsa ba. Kare ya yi haushi, gabansa ya faɗi. Iska ta taɓa kwano, ya tashi zaune. Ya ji haushin kansa, amma tsoro ba ya jin lallashi. Da asuba ya buɗe ƙofa zai yi alwala, sai ya yi tuntuɓe da mutum: jikan ne kwance a baranda cikin bargo, kakansa ya sa shi ya kwana a nan, bai kuwa gaya wa baƙon ba don kada ya ji nauyi.

Da hantsi tsohon ya ce, "Ni ne takardarku, ga shi kuwa na kusa yagewa. Tashi mu je wurin dagaci tun ina da numfashi." Suka je, ya nuna iyaka daga dutse zuwa dutse a gaban dattawa da 'ya'yansa, har da waɗanda ba su so ba, aka rubuta, aka sa hannu, don a kai ƙaramar hukuma. A hanyar komowa ya ce, "In za ku sayar, hakkinku ne, sai dai ku fara gaya mini. In kuwa ba za ku sayar ba, to, ku riƙa zuwa kuna kwana. Ba don ginin na zauna a ƙofar nan ba."

Babban wa bai sake ra'ayi ba, ba a kuma tilasta shi ba, gama rabonsa hakkinsa ne. Aka yi wa gidan kuɗi, malamin da auta suka ɗauki nauyin biyansa kaɗan-kaɗan, abin da ya sa malamin ya sayar da wani fili da ya daɗe yana tanadi a Bauchi. Kuɗin fiya kuwa suka mayar, suka ce a sa a karatun jikan.

Ba a koma zamanin da ba, ba kuwa za a koma ba. Tudun bai gama warkewa ba, kashe-kashen da aka yi a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a jajiberin Kirsimetin 2023 sun isa shaida. Yanzu ba kowace Jumma'a ake hawa ba, sai wajen sau ɗaya a wata, sai kuma an buga waya an ji lafiyar hanya. Wani lokaci a ɗaure kaya a kwance. Amma Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mahaifinsu ya gina wurin ne da sunan hutu, sai bayan ransa 'ya'yan suka gane cewa ziyara yake kaiwa, hutun kuwa tukuici ne.

Kafin malamin ya sauko a wancan zuwa na farko, sai da ya biya wurin mai yankan makulli ya sa aka yanka na biyu. Sabon ya sa a aljihunsa. Tsohon makullin, wanda hannu ya goge, ya mayar wa mai riƙonsa. Saboda haka a zuwa na gaba, da suka sha kwana ta ƙarshe da magariba, ƙaramar 'yarsa ce ta riga kowa ganin hayaƙi. Da suka sauka ta ce, "Baba, garin nan da sanyi yake." Ya lulluɓa mata bargon kakanta, ya ce ta bari sai gobe da yamma, akwai wani kududdufi da zai kai ta, akwai kuma labarin da zai ba ta.